Faifai ko ganga: gardamar birki, da tayar ƙanƙara da muke hawa a zafin Kebbi

A bazarar bara na raka ƙanena wurin masu sayar da motocin Kwatano a Birnin Kebbi. Shekara uku yana tara kuɗin, kuma tun daga gida ya yanke cewa Corolla zai saya. Biyu ya ware. Ɗaya daga Turai ta fito, idan ka leƙa ta ramukan wilin baya za ka hango faifan birki yana ƙyalli. Ɗayar 'yar Amurka ce, bayanta ganga ce baƙa da ɗan tsatsa a gefe. Dillalin ya dafa ta farkon ya ce, "Alhaji, wagga ita ta mota. Dis huɗu gare ta, ko kaza ta gitta kana takawa ta tsaya cak." Wani direban tasha da muka zo da shi ya ce sam, shi ganga ya sani, shekara 20 yana lodin Yawuri da ita ba ta taɓa ba shi kunya ba. Aka fi awa guda ana ja-in-ja a inuwar dogon yaro, babu wanda ya sunkuya ya dubi taya. Da na durƙusa a gefen mai faifai huɗun, sai ga ɗan hoton nan a jikin robar: dutse mai kawuna uku, da ƙwayar dusar ƙanƙara a cikinsa. Duka huɗun haka suke. Na san hoton, domin ya taɓa kusan jefa ni cikin garken shanu.

Zan zo ga wannan. Bari mu fara raba gardamar birkin, don tana da tushe, ba surutun dillalai ba ce kawai.

Aikin birki shi ne ya mayar da gudu ya zama zafi. Goga tafin hannunka biyu da ƙarfi, abin da ka ji shi ne abin da ke faruwa a ƙafar mota, sai dai can ƙarfe ne ke ɗaukar zafin. Idan ka taka birki, masta yana tunkuɗa man birki ta cikin siraran bututu zuwa ƙafafu huɗu, man ya tura fistin, fistin ya tura abin gogawa. Daga nan ne hanya ta rabu biyu. A birkin faifai, wanda makanikai ke kira dis, akwai faifan ƙarfe da ke juyawa tare da wili, kalifa ya rungumo gefensa, fad biyu suna matse shi daga ciki da waje kamar yadda za ka tare faranti mai juyawa da yatsu. A birkin ganga, wato duram, ƙarfen kamar kwano yake da aka kife, a cikinsa akwai shu biyu masu siffar jinjirin wata. Wani ɗan silinda ne ke buɗa su waje su goge cikin kwanon, idan ka saki birki sifirin ya janyo su su dawo.

Duk bambancin da ke tsakaninsu daga wannan siffar ya taso: ɗaya a fili yake, ɗaya a rufe.

Faifai yana shan iska ta ko'ina. Na gaba ma yawanci biyu ne a manne da ramuka a tsakani, yana juyawa yana fifita kansa. Ganga kuwa zafinta a ciki yake taruwa kamar tukunyar da aka rufe. Ga kuma wata matsala da ba kowa ya lura da ita ba. Ƙarfe idan ya yi zafi yana buɗewa. Ganga idan ta buɗe, nisa take yi daga shu, sai ka ji birki yana ƙara nutsewa ƙasa kafin ya kama. Faifai idan ya kumbura, kusantar fad yake yi. Shi ya sa direban da ya sauko doguwar gangara da lodi, ƙafarsa a kan birki tun daga sama, yake cewa birki ya tsere masa. Ba tsinkewa ya yi ba, zafi ne ya cika shi har fuskar shu ta daina cizo. Faifai ma yana iya kai wa nan, amma yana daɗewa kafin ya kai, kuma yana saurin hucewa.

Gudu kuma ba lissafin hankali yake bi ba. Motar da ke tafiyar kilomita 120 a awa, zafin da birkinta zai haɗiye kafin ta tsaya ninki huɗu ne na mai tafiyar 60, ba ninki biyu ba. Ka ɗora mata buhunan albasar Aliero har but ya ƙi rufuwa, ka ƙara mutum shida a ciki, duk a kan ƙarfen nan guda za a sauke.

Abin mamaki, sa'annin juna ne. A 1902 Louis Renault na Faransa ya fito da birkin ganga irin na zamani, a shekarar kuma Frederick Lanchester ya yi rajistar birkin faifai a Ingila. Ganga ce ta ci kasuwa har kusan shekara 50, saboda a lokacin ba a samu abin gogawar da zai dace da faifai ba. Sai a 1953, da motar Jaguar mai birkin faifai na kamfanin Dunlop ta lashe tseren awa 24 na Le Mans, duniya ta ga amfanin birkin da za a yi ta takawa dare da rana bai gaji ba. A 1955 Citroën DS ta shigo da shi cikin motocin jama'a. Daga nan a hankali faifai ya ƙwace ƙafafun gaba, har yau da wuya ka ga ƙaramar motar da gabanta ganga ce.

To me ya hana ganga mutuwa? Idan ka taka birki da ƙarfi, kowa a mota gaba yake rinjaya, hancin motar ya duƙa. Nauyin ya koma kan tayoyin gaba, don haka su ke yin mafi yawan aikin, wajen kashi 70 cikin 100 a ƙananan motoci. Bayan mota, musamman idan ba kaya, ba ya buƙatar birki mai ƙarfi sosai. Idan ma ya yi ƙarfi fiye da kima, tayoyin baya za su cije kafin na gaba, motar ta juya da kai. Ganga ta isa wannan aikin har da saura. Tana da arha wajen ƙerawa. Tana da wata baiwa kuma: juyawar gangar kanta tana janyo shu ɗaya ta ƙara cusa shi a jikinta, sai ƙaramin turi ya ba da babban riƙo. Wannan ne ya sa hambirkin ganga ke riƙe mota a gangara kamar an ɗaure ta. Motoci da yawa masu faifai a baya, irin su Camry, idan ka cire faifan za ka tarar da 'yar ƙaramar ganga a ɓoye a tsakiyarsa don hambirki kaɗai.

Duba abin da ke ɗaukar nauyin rayuwarmu a nan. Hilux ɗin da ke shiga ƙauyukan Zuru da Danko-Wasagu bayanta ganga ce. Hiace ta haya haka. Babur ɗin Boxer na 'yan kabu-kabu gaba da baya ganga ne, Keke Napep ma haka, tirelolin da ke kwasar shinkafa kuwa ganga ce mai aiki da iska. Kuma kada a ce tsohon yayi ne: Volkswagen ta sa ganga a bayan motocinta masu lantarki, ID.3 da ID.4, domin injin lantarkin ne ke yin yawancin rage gudu, faifan da ba a cika amfani da shi ba kuma tsatsa yake yi a fili.

A hanyoyinmu kowanne da inda yake ciwo. Rufin ganga yana kare ta daga ƙurar hunturu da tsakuwa, shu ɗinta kan ninka fad daɗewa. Amma idan damina ta sauka ka ratsa ruwa a fadama, ruwa da laka suna shiga su zauna, ka fito ka taka birki ka ji kamar sabulu. Faifai yana juyi biyu uku ya watsar da ruwan. Duk wanda ya fito daga ruwa ya kamata ya yi ɗan tafiya a hankali yana dafa birki har ya ji ya dawo, kafin ya ba ta wuta. Shi kuma faifan baya, abin da ke kashe shi a nan ƙura ce da rashin giris: sandunan da kalifa ke zamewa a kansu su cije, fad ɗaya ya cinye har ƙarfe, ɗaya yana nan sabo, wilin yana zafi kamar kasko mai motar bai sani ba.

Babban laifin ganga a wurina ba nata ba ne, namu ne. Ba a ganin cikinta, don haka ba a tuna ta. Fad kana leƙawa ka ga ya ƙare, wani ma ƙara yake yi ya tona kansa. Ganga sai an cire wili, an bubbuga an zare ta. Sai mota ta shekara huɗu ba a buɗe ba, silinda yana yoyo a ciki, mai ya jiƙa shu ya zama baƙin kwaɓi, gefe ɗaya yana kamawa ɗaya ba ya kamawa. Alamar farko a hannunka take: idan hambirki ya fara tashi sama sosai kafin ya riƙe, a je a buɗe baya. Kuma idan an buɗe, don Allah a hana yaran gareji hure ƙurar ciki da iskar kwamfiresa. A wanke ta da ruwa ko man wanki. Ba ka san da me aka haɗa shu mai arha ba, huhun yaron nan kuma shi kaɗai gare shi.

Akwai abubuwa biyu da na gani da idona a gareji waɗanda har yau suke tsaya mini a rai. Na farko, bututun baya ya fashe, maimakon a canja shi sai aka lanƙwashe bakinsa aka daddake da guduma, wai an kashe layin, gaba ya isa. Motar haya ce, ta fita ta yi lodi. Na biyu, man birki ya ƙare a hanya, aka kaɗa ruwan omo aka zuba. Wanda ya yi hakan zai rantse maka birki ya kama, kuma gaskiya ne, ya kama a tsaye. Amma ruwa a digiri 100 yake tafasa. Man birki mai lamba DOT 3 sabo ba ya tafasa sai ya wuce digiri 205, DOT 4 kuma 230. Da zarar abin da ke cikin bututu ya tafasa ya zama tururi, ƙafarka za ta tafi har ƙasa ba abin da ya kama, domin tururi yana matsuwa, mai ba ya matsuwa. Shi kansa man na gaskiya yana zuƙar danshi daga iska a hankali, har zafin da yake tafasa ya sauko wajen digiri 140 zuwa 155. Dalilin da ya sa masu ƙera motoci da yawa ke cewa a zubar da shi a sa sabo duk shekara biyu ke nan. Mu kuwa ciko muke yi har motar ta tsufa, man ya koma kalar shayi.

Hukuncina a gardamar nan bai da tsawo. Ga mai Corolla, Civic ko Golf da ke zirga-zirga tsakanin Birnin Kebbi, Jega da Argungu, faifai a gaba da ganga a baya ya wadatar, muddin ana buɗe gangar. Faifai huɗu ya fi ga mota mai nauyi da gudu, ko wadda ke yawan sauka gangara da kaya. Wanda kuma ke tunanin cire gangar motarsa ya ɗaura faifan wata mota, ya bari. Kamfani ya auna rabon ƙarfin gaba da baya, na'urar ABS mai hana wili cijewa ma a kan wannan awon take aiki, kuɗin da zai kashe a can yana da wurin da ya fi buƙatarsa.

Wurin shi ne taya. Birki wili yake tsayarwa, taya ce ke tsayar da mota. Duk motar nan, da kai da iyalinka da kayanku, a kan robar da ba ta fi tafin hannu huɗu ba kuke taɓa ƙasa. Duk birki mai lafiya, faifai ko ganga, yana da ƙarfin da zai cije wili a taki ɗaya. Daga wannan lokacin, ko mita nawa za ka ƙara kafin ka tsaya, magana ta koma tsakanin roba da kwalta.

Shekara huɗu da suka wuce na sayi tayoyi huɗu 'yan Beljiyam. Zanensu zurfi har yatsa na shiga, robar laushi, mai sayarwa yana danna ta da babban yatsa yana cewa, "Malam, wagga ta hi sabuwa, Bature bai ko more ta ba." Na biya ina murna. Wata biyu bayan nan, cikin Afrilu, da azahar, ina tsakanin Jega da Koko, sai ga shanu sun ɓullo daga bayan wata kwana. Ban wuce kilomita 100 ba. Na taka birki iya ƙarfina, ABS yana ta kakkarwa a ƙarƙashin ƙafata, motar kuma tana ta tafiya kamar a kan tabarma ake jan ta. Sai da hancinta ya taɓa cinyar wata saniya sannan ta tsaya. Ɗan Fulanin da ke kora su ya daskare da sandarsa a sama, bai fi shekara 12 ba, kuma da saniyar ba ta gabansa shi zan tarar. Na fito ƙafafuna suna rawa. Na dafa taya na janye hannu, warin roba ya cika wurin, na sa farce sai ya shige kamar danƙo.

Gangar baya na fara zargi, kamar kowa. Na kai wa wani tsohon makanike da ya fara aiki tun zamanin Fijo 504. Ya buɗe baya, lafiya lau. Ya duba fad, da saura. Sai ya tsuguna ya shafa fuskar tayar da yatsa, ya ce, "Ɗana, ka ga ƙananan tsagar nan kamar an yi da reza? Duk taya mai wagga tsaga bazara guda takan yi mana. Ba don ƙasarmu aka yi ta ba." Na ce, "Baba, to don ina aka yi ta?" Ya nuna mini hoton dutsen nan da ƙwayar ƙanƙara.

Tayar ƙanƙara ba jabu ba ce. A inda aka yi ta dominsa, ceton rai take yi. A ƙasar Finlan aka fara ƙera ta a 1934, a kamfanin da yau ake kira Nokian. Robar taya ta yau da kullum idan sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7 sai ta fara taurarewa, ta daina kama hanya. Sai aka haɗa wata roba da ke zama da laushi ko ruwa ya daskare, aka yi mata zane mai zurfi da zai haɗiye dusar ƙanƙara, aka tsattsaga kowane haƙori da ɗaruruwan siraran tsaga don su ciji santsi. Wasu har da ƙananan ƙusoshin ƙarfe. A Jamus tun 2010 doka ta wajabta ta duk ranar da hanya ke da ƙanƙara, kuma daga Oktoban 2024 sai mai hoton dutsen nan kaɗai ake karɓa. A lardin Kubek na Kanada dole ce daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Mutanen can saiti biyu suke ajewa, na sanyi da na zafi, suna canjawa sau biyu a shekara.

A nan ne labarinsu ya haɗu da namu. Sabuwar tayar ƙanƙara zurfin zanenta kan kai milimita 8 ko 9. Da ta sauko kusa da 4 ta daina aiki a kan ƙanƙara, a Ostiriya ma doka ba ta ƙirga ta a matsayin tayar sanyi idan ta gaza haka. Sai su cire su jefar. A idonmu kuwa taya mai milimita 4 ko 5 sabuwa ce fil. Wata kuma ta tsufa ne a ajiye, wata shida tana aiki wata shida tana ɗaki, shekaru sun tafi zane bai tafi ba. Wanda zai sayar da motarsa a fitar da ita Afirka kuma ba ya barin mata saitin da yake so. Mu a gida, Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi baya a Legas a 2008, sabuwar taya ta zama kayan shigowa da ke bin farashin dala. Tsofaffin tayoyi suna cikin jerin kayan da Najeriya ta haramta shigowa da su, amma wanda ke zaune a jihar da ta yi iyaka da Nijar da Benin ya san abin da idonsa ke gani a kasuwa.

Kalmar hunturu ma tana ruɗa mu. Wani ya ji an ce tayar hunturu ce sai ya ce to ai mu ma muna da hunturu. Namu iska ce da ƙura da sanyin asuba, wanda da wuya ya sauko digiri 10, rana na ɗagawa kuma ya haura 30. Daga Maris zuwa Mayu zafin Birnin Kebbi yana wuce digiri 40 a inuwa, kwalta kuwa ta fi haka nesa ba kusa ba. Babu wata rana a shekara da tayar ƙanƙara take cikin yanayinta a jihar nan.

Robar da aka yi don ta yi laushi a cikin ƙanƙara, idan ta hau kwalta mai zafi sai laushin ya wuce misali. Haƙoran nan masu tsaga suna lanƙwashewa suna kwanciya maimakon su tsaya su riƙe. Abin da direba ke ji shi ne sitiyari ya yi sako-sako, mota tana lilo a kwana kamar kwalekwale, birki yana jan nisa. Ƙungiyar masu motoci ta Jamus, ADAC, ta gwada tsayawa daga kilomita 100 a busasshiyar hanya lokacin zafi, tayoyin ƙanƙara suka ƙara nisa a kan na bazara, wasu da fiye da mita 10. Tsawon mota biyu ke nan ko fiye, a zafin Turai ma, ba namu ba. Wannan lanƙwasar kuma ita ke ƙara haifar da zafi a cikin tayar, ta cinye da wuri. Ba zan ce kowace tayar ƙanƙara fashewa take yi ba. Abin da ke fasa taya tsufa ne, da ƙarancin iska, da lodi fiye da kima, da gudu. Amma 'yar Beljiyam mai hoton ƙanƙara yawanci da tsufanta take zuwa, mu kuma mu haɗa mata sauran ukun.

Gane ta ba wuya, duk a rubuce yake a gefenta. Hoton dutse mai kawuna uku shi ne na farko. Sai suna: Winter, Snow, Ice, Alpin, Blizzak, UltraGrip, Sottozero, Hakkapeliitta, ko Studless a kan waɗanda suka fito daga Japan. Sai tsagar nan mai yawa a kan kowane haƙori, wani lokaci da ƙananan ramukan da aka cire ƙusoshi. Haruffan M+S su kaɗai ba hujja ba ne, tayoyin kowane lokaci da na jeji da yawa suna ɗauke da su kuma suna aiki lafiya a nan. Akwai ma 'yan kaɗan irin Michelin CrossClimate da ke da hoton dutsen alhali an yi su ne don zafi da sanyi duka, shi ya sa ake haɗa hoton da suna da zane kafin a yanke hukunci.

Tunda an sunkuya, a karanta sauran. Nemi inda aka rubuta DOT, ka bi layin zuwa lambobi huɗu na ƙarshe. Idan ka ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana faɗa wa direbobi shekara huɗu ne wa'adin taya daga lokacin da aka ƙera ta, kamfanonin taya irin Michelin kuma suna cewa a riƙa duba ta duk shekara bayan ta cika biyar, kada ta wuce 10 ko da zanenta na nan. A zafinmu ni na fi karkata ga ƙaramin adadin. Idan wurin lambar ya yi kama da an kankare ko an goge, ajiye ta. Idan ka ga 195/65 R15 91H, 91 na nufin kowace taya kilo 615 take ɗauka, H kuma iyakar gudunta kilomita 210. T na nufin 190, Q 160, kuma tayoyin ƙanƙara da yawa masu T ko Q ne. Tayoyi da yawa suna da rubutun Temperature da harafin A, B ko C a gabansa. A ta fi jure zafi, ita ya kamata ɗan Kebbi ya nema, B idan babu. Tayar ƙanƙara galibi ba ta ma ɗauke da wannan awon. A ƙarshe ka buɗa tsakanin zanen da yatsa ka duba ƙananan tsagewar tsufa, ka lura ko an sake sassaƙa zanen da wuƙa an shafe da baƙin fenti.

Ga 'yan uwanmu da karatu ko aiki ya kai Kanada, Jamus ko Rasha, maganar a juye take. Ku saye ta kafin ƙanƙarar farko, da zarar sanyi ya fara zama ƙasa da digiri 7. Ku sa huɗu, ba biyu a gaba kawai ba, don baya zai zame ya juya motar. Ku nemi hoton dutsen, ku bincika dokar garinku kan masu ƙusa domin a Jamus haramun ne, ku cire su idan sanyi ya wuce.

Saura iska, wadda ita ma muke wasa da ita. Masu faci da yawa 45 ko 50 suke ɗura wa ƙaramar mota, wai don lodi. Lambar da ke jikin taya iyaka ce, ba umarni ba. Adadin da ya dace yana kan 'yar takardar da ke manne a bakin ƙofar direba, yawanci tsakanin 30 da 35, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi. Iska ta yi yawa, tsakiyar taya kaɗai ke taɓa ƙasa, riƙo ya ragu. Ta yi kaɗan, gefen taya ya yi ta lanƙwasa har zafi ya raba roba da wayoyin ciki. Idan ka tsaya a Koko da rana ka ga geji ya hau, kada ka sace iskar, zafi ne ya ɗaga ta, za ta sauko da kanta.

Na san sabuwar taya huɗu a lokaci guda ba ƙaramin abu ba ne a wannan zamani, kuma mai sayen Beljiyam ba don ganganci yake saye ba. Idan biyu za ka iya, sayi biyu sababbi masu matsakaicin suna, sun fi tsofaffi huɗu masu babban suna. Ka sa sababbin a baya ko da motar da gaba take ja, domin idan gaba ya zame sitiyari na hannunka, idan baya ya zame ba ka da abin kamawa. Kada a haɗa tayar ƙanƙara da ta zafi a layi ɗaya, hagu da dama. Idan kuma dole sai tsohuwa, a ƙalla a zaɓi wadda aka yi don zafi, mai ƙarancin shekaru, a rage gudu da azahar.

Ƙanena mai gangar ya saya. Ta fi arha, bambancin kuɗin ya sayi tayoyi huɗu sababbi masu harafin A, ranar kuma muka wuce da ita wurin Baba kafin a kai ta gida. Ya zubar da tsohon man birki, ya fito baƙi ƙirin. Da ya zare gangar hagu, silindan ciki yana yoyo, shu ɗaya ya jiƙe sharkaf da mai. Aka aika yaro kasuwa ya sayo silinda biyu da saitin shu, muka zauna a benci muna jira har la'asar.